Barewar Mariyamu a Kan Dutse

Bawa maharbi shi ya jawo wa kansa. Ran Lahadi, kasuwar Jibiya na ci, ya bugi ƙirji gaban wani Bature da ya ƙetaro daga Maraɗi da akwatin ɗaukar hoto, ya ce dutsen bayan Mazanya cike yake da barewa da gwanki. Uwaisu tafinta ya fassara, har da ƙarin gishiri. Bature ya ce ba harbi yake so ba, gani kawai. Aka sa Alhamis.

To, Allah na gani, rabon Bawa da ganin kashin barewa a dutsen nan tun ubansa na raye. Kowane rani su Bawa ke banka wa dajin wuta, su tare abin da ya fito.

Sauran barewa ɗaya ya sani: wadda matarsa Mariyamu ta raina da nonon akuya.

"Malam, ka ji tsoron Allah," in ji ta. "Ƙarya hure take, ba ta ɗiya."

"Aro na ce, ba yanka ba."

Ran Alhamis da hantsi ya kai barewar kan dutsen, ya zuba mata harawa bayan wata ƙirya, ya sauko ya ɗauko baƙinsa. Suka hau suna sanɗa, Bature har da rarrafe, wandonsa duk ƙarangiya. Ga barewa tsaye, kunne a sama. Bature ya ɗauke numfashi, ya saita akwati.

Sai iska ta kai mata ƙanshin mai gida. Ta sheƙo a guje, ta tsallake Bature, ta cusa baki cikin aljihun Bawa tana neman ƙuli-ƙuli.

Uwaisu ya faɗi ƙasa don dariya. "Sarkin baka! Naman dajin naka har gaisuwa ya iya?"

Da Bature ma ya yi dariyar, da sauƙi. Bai yi ba. Ya shafa wuyanta, ya ga sawun igiya, ya dubi dutsen baƙi ƙirin da toka, ya yi wata tambaya a hankali.

"Wai ina 'yan'uwanta?" in ji Uwaisu, dariyar ta ƙare.

Bawa ya nemi ƙarya, bai samu ba. Idonsa na kan takalmansa.

"Ce mishi mun cinye."

Ya saɓa barewar a kafaɗa ya bi ta bayan gari, tana lasar masa kunne, yana istigfari.