Manomin Jidda

Hajiya Rakia ta tarar da ɗanta Yahya yana jan katifarsa zuwa saman bene, gumi na zuba masa kamar an watsa masa ruwa, ga wani littafi ya matse a hammata.

"Ina za ka kai ta?"

"Sama, ya ummi. Kakanninmu ba su san na'urar sanyaya ɗaki ba. Halas, na daina."

Ta bi shi da kallo har ya sha kwanar matattakala. Tun ranar da wani abokin aikinsa ya ara masa wannan littafi gidan bai sake samun kwanciyar hankali ba. Labari ne da wani ɗan Afirka ya rubuta aka mayar Larabci, kan wani ƙauye da Nasara suka shigo suka hargitsa. Yahya ya karanta ya sake karantawa, ya daina cin shinkafa ya ce sai tuwo, ya fara kiran maƙwabta 'yan uwana. Duk wannan ta jure. Amma da safiyar nan ya gaya wa kafilinsa, mai shagon kayan gyaran mota inda yake aiki, cewa ƙarshen wata zai ajiye aiki ya koma gida. Gidan da yake nufi ƙauyensu ne na ƙasar Damagaram, wanda bai taɓa gani ba ko a hoto, don a nan Jidda aka haife shi. In ya bar kafilin ya tafi, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu, dawowa sai wani ikon Allah.

Ta aika a kira Mahamadou, ɗan baffanta, direba a wani gida a unguwar Abhur. Shi a ƙauyen ya girma, bai daɗe da zuwa ba. Ya iso bayan azahar, ya zauna ya kurɓi shayi, aka sauko da Yahya.

"Na ji za ka je ka gaje mu."

"Aiwa, Kawu. Zan sayi hawainiya in yi noma."

"Hauya dai. Hawainiya ba ta noma, launi take sauyawa, kamar wasu." Mahamadou ya ajiye kofi. "Me za ka shuka?"

"Doya. A littafin, namiji da doya ake saninsa."

"Doya a garinmu? Ɗana, wannan littafin na mutanen kurmi ne. Mu gero ne, shi ma sai Allah ya so. Kokawar da ka karanta a ciki kake marmari kuma akwai ta, amma da rijiya ake yi, gaba talatin kafin guga ya taɓa ruwa."

Yahya ya ce wannan duk maganar wanda mulkin mallaka ya kashe wa zuciya ce. Rabin jimlar da Larabci ya faɗe ta, don Hausar ta ƙare masa a tsakiya.

Mahamadou bai yi musu ba. Ya fita wurin mota ya dawo da fartanyar mai kula da lambun gidan ubangidansa, ya nuna wani kangon fili a bayan gidan, cike da duwatsu da gwangwanaye.

"Yalla. Yi mana kunya ɗaya mu gani."

Yahya ya naɗe hannun riga ya fita da ƙarfinsa. Rakia ta tsaya a taga. Saran farko ya haƙo tsohon takalmi. Na biyu ya sami dutse, fartanyar ta yi tsalle ta kusa fasa masa ƙafa. Wasu 'yan Yaman masu shago suka fito suna tambaya ko bututun ruwa ne ya fashe. Kafin a kira la'asar ya shigo da tafin hannu duk bororo, ya je ya tsaya daidai gaban na'urar sanyin nan ya lumshe ido.

Rakia ta kawo masa ruwan ƙanƙara a kwano ya tsoma hannu. Ranta ya yi fari. Don ta ƙarasa kashe maganar, sai ta ɗauko littafin ta buɗe masa a gwiwa, ita da ba ta karatun boko.

"Karanta mini abin da ya juya maka kai, in ji."

Ya fara, yana karantawa da Larabci yana lallaɓawa da Hausa. Wurin da ya buɗe, dogaran kumandan, Baturen mulki, ne suka zo ƙauye ana cikin shuka, suka tara maza a ƙofar gidan mai gari, suka zaɓi masu ƙarfi aka ɗaure su da igiya ɗaya, za a kai su aikin hanya. Mata suka bi su har bakin gari da ƙoren abinci, dogarai suka hana a miƙa.

Mahamadou yana murmushi yana jiran ta yi dariya. Ba ta yi ba.

"Ba igiya ɗaya ba ce," ta ce a hankali. "A garinmu biyu ce. Babana yana ta baya."

Yahya ya ɗago. Ya san cewa kakansa ya zo hajji da ƙafa, shekara da shekaru a hanya, amma ba wanda ya taɓa gaya masa abin da ya tashe su. Ta ce uban ya kuɓuce daga wurin aikin, ya zo ya kwashe su suka nufi gabas, ita tana 'yar ƙarama a kan jaki. Abin da ta iya tunawa na garin kaɗan ne: wata tsamiya a bakin rijiya, da ƙanwar uwarta Lubabatu tana gudu tana bin jakin.

Ta juya ga Mahamadou. "Tsamiyar tana nan?"

"Tana nan. Inna Lubabatu ma tana nan, ido ne dai ya tafi. Ai na gaya miki tun zuwana tana tambayarki, kika ce in sha shayina kada ya huce."

Ta murza gefen mayafinta. Daga masallacin unguwa aka tayar da iƙamar salla, Mahamadou ya miƙe yana neman takalmi.

"Yahya," ta ce, "gobe ka je ka ba kafilinka haƙuri, ka ce zafin rana ne ya taɓa ka. In ya haƙura, ka roƙi hutu, ka tambayo yadda ake samun bizar fita da dawowa. Ta mutum biyu."

"Ya ummi, ni fa na fasa. Kin ji abin da Kawu ya ce, gaba talatin, ga sauro, ga..."

"Ba noma za ka yi ba. Jaka za ka riƙe mini."

Yahya ya dubi hannayensa a cikin kwano, ya dubi Mahamadou yana neman ceto.

"Kada ka dube ni," in ji Mahamadou daga bakin ƙofa. "Kai ka kawo littafin gidan nan."