Kwalbar da Ke Kwance

Kwalba ɗaya ta rage daga ƙudajen da marigayi mijinta ya bari a ɗakin bincikensu, ita ma kullum baya take ja. Ƙananan ƙudajen nan ne masu bin ayaba, amma nasa irin daban ne, shekaru ya yi yana kiwonsa. In suka ƙare, aikinsa ya bi shi ƙasa ke nan, kuma abin da ke cin Tsaf-tsaf a rai ke nan. Shi ya laƙaba mata sunan, don ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce.

Da azahar ta ja labule, ta sa ido a madubin ƙara girma. A cikin jakar yawun tsutsar ƙuda, ƙulle-ƙullen gam suna haske ja, suna lilo a hankali kamar fitilun kasuwa daga nesa. A lafiyayyar tsutsa akwai sinadaran furotin masu aikin 'yan dako, su kai wa kowane ƙulli kaya, su kwashe tarkace, har ya ƙosa ya yi ɓul-ɓul. Da gam ɗin nan tsutsa ke manne wa bango kafin ta rikiɗa ta zama ƙuda. Na mijinta kuwa an cire musu ɗan dako guda, ƙullin ya tsumbure, gam ba ƙarfi. Tsutsotsin su hau bangon kwalba, su zame cikin abinci, su nutse.

Gyangyaɗi ya fara ɗibarta. Fitilun suka yi ta nisa, sai ga teburinsa kamar jiya: kofin shayi, ɓawon lemo, da kwalbar nan a kwance an tare ta da biro.

"Malam, wai kai komai naka sai a yashe?"

"Bar min su, Tsaf-tsaf. Masu ƙaramin ƙarfi ne, ba sa son hawa."

Dariya ta yi a lokacin, ta ɗauka ragwancinsa yake yi wa ado.

Ta ɗago kai. Tun ranar da ta gyara teburin bayan rasuwarsa kwalbar ke tsaye ƙyam a layin sauran kwalaben ɗakin. Kewarsa ta taso mata. Ta ɗauko kwalbar, ta kwantar, ta tare da bironsa. Can wata tsutsa ta rarrafo, ta samu wuri ta lafe, ba ta zame ba.

Da yamma mai shara ta shigo, ta miƙa hannu.

"Malama, wannan ta faɗi. In tayar miki?"

"A'a, bar min su," in ji Tsaf-tsaf. "Masu ƙaramin ƙarfi ne."