Ɗanki Madani Ne?

Kwana goma sha ɗaya ke nan Zaituna ba ta rabuwa da waya, har banɗaki da ita take shiga. Ɗanta Abdulmohsen ya tafi garin ubansa, can wajen Nablus, don ya ga kabarin marigayin, ya gaisa da dangi ya dawo. Sai ga labari wai ya yi cacar baki da wani jami'in tsaro a bakin hanya, an kama shi. Kamun ma da sauƙi. Sunansa ya zo ɗaya da na wani ɗan baffansa da ke aikin ɗamara, shi ke nan aka ce kotun soja za a kai shi. Yaron da gyaran na'urar sanyi kaɗai ya iya a unguwar Sharafiyya ta Jidda!

Ita dai Zaituna mutuniyar Damagaram ce, kuma ta san abin da ake nufi da soja. Tun tana yarinya ta ga wanda suka ɗauka a unguwarsu, bai dawo da haƙora ba.

Ranar Talata da hantsi tana yanka kuɓewa a ɗakinta na unguwar Hindawiyya, ɗiyarta Nuha ta tafi aiki, wayar ta yi ƙara. Lauyan da dangin mijinta suka ɗauka ne. Larabcinsa na can ne, mai gudu, ga hayaniyar mutane a bayansa. Shekara talatin tana Jidda, Larabcin kasuwa ba wanda zai sayar da ita a ciki, amma na wannan bawan Allah sai tsintar kalma take yi.

Ya ce har yanzu ba a bar shi ya ga yaron ba, kuma bayan azahar za a zauna. Tambaya ɗaya gare shi, ta ba shi amsa ta gaskiya, zai naɗi muryarta.

"Ya Hajja, ɗanki madani ne?"

Madani? Wane munafukin ne ya ce musu a Madina aka haife shi? Ita da ta ga yadda kuskuren harafi ɗaya a iƙama, takardar zaman ƙasa, yake kai mutum gidan tarhil, a tusa ƙeyarsa gida. Takardunsa duka Jidda suka ce. Wato so suke bakinta ya saɓa da takarda.

"La! La! Ba madani ba ne!"

Lauyan ya sake tambaya a hankali, ko ta tabbata.

"Wallahil azim ba madani ba ne. Ni na haife shi, ni na sani. Ka rubuta!"

Ya ja numfashi, ya ce, "Halas, ya Hajja. Allah Ya sauƙaƙa." Ya kashe.

Har wani sanyi ta ji a ranta. Ta ƙarasa kuɓewarta, ta ɗora tukunya, tana cewa yau dai ta toshe bakin maƙiya.

Da la'asar Nuha ta shigo, ko abaya ba ta cire ba uwar ta tare ta da labari. Nuha, haihuwar Jidda, Hausarta sai ta haɗa da Larabci take tafiya. Ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

"Ummi, me kika ce masa? Faɗa mini bizzabt, kalma bayan kalma."

Zaituna ta maimaita, har da rantsuwar.

"Ya Allah! Ummi, ba Madina yake nufi ba! Madani yani mutum wanda ba askari ba. Farar hula!"

"Ke, kar ki raina mini hankali. Hajiya Mastura ta ƙasan benenmu ba Madaniyya ake ce mata ba?"

"Wannan daban! Dokarsu ta can ta ce mahkamar soja ba ta da iko sai a kan sha'anin soja. Da wannan lauya zai tsaya, ya ce ku fitar da shi, ku kai shi kotun mutane. Shi ne kaɗai abin da ke hannunmu, Ummi. Ke kuma kin rantse."

Ludayin ya suɓuce daga hannun Zaituna. Ta zauna daɓas a ƙasa. Tsoro irin wannan ba ta taɓa jin sa ba, ko ranar da mijinta ya cika.

"Kira shi. Nuha, kira shi, don girman Allah!"

Sau bakwai suna kira, wayar a kashe. Nuha ta danna wurin saƙon murya ta kara mata a baki. Zaituna ta yi ta faɗa, Larabci na kuɓuce mata tana kamo shi da Hausa: madani ne, wallahi madani ne, bai taɓa riƙe ko sanda ba, tsohuwa ce ita, ba ta gane ba. Miya ta ƙone a kan wuta, ba wadda ta tashi.

Ana gab da magariba amsa ta shigo. Nuha ta kara a kunnenta ita kaɗai, ta saurara har ƙarshe, ta sake saurara.

"Me ya ce? Ke, ki yi magana mana!"

"Ya ce bai ta da maganar ba yau, tunda uwa da kanta ta musa. Yanzu zai rubuta wa kotu, mu aika takardar kafilinsa, ubangidansa na wurin aiki. Amma alƙalin soja ya riƙe shari'ar. An mayar da shi sijin, kurkukun soja, sai bayan kwana arba'in da biyar."

Zaituna ta kama gefen abayar ɗiyarta.

"Shi Abdulmohsen, ya san ni ce na faɗa?"

Nuha ta kifa wayar a cinyarta, ta kau da kai.

"Bayan an tashi an bar su sun gana, Ummi. Ya ce ƙarya ne, uwarsa ba za ta faɗi haka ba. Sai lauya ya kunna masa muryarki."