Akwatin da ke Bayan Kabarin Kyaftin

"Je ki ɗauko mini littafin," in ji Aksel, "kafin mai allurar nan ta dawo ta sake kwantar da ni."

Ina tsaye da kwanon miyar da na kawo masa, na rasa inda zan ajiye. An sauko da gadonsa falo tun da ƙafafunsa suka ƙi hawa bene, teburin kuma magunguna sun cinye shi. Shekara talatin da ɗaya shinge ɗaya ne tsakanin gidajenmu. Na san littafin da yake nufi, amma na tambaya.

"Gudrun, kada ki mayar da ni yaro. Na bayan Kyaftin."

Kyaftin Thygesen shi ne babban mutumin maƙabartar garinmu. Ya tsamo mutum arba'in daga teku a zamaninsa, dutsen kabarinsa ya fi ni tsawo. Aksel kuwa yana cikin masu wasan nan na ɓoye ɗan akwati a sa lambobin wurin a intanet, baƙi su bi da waya su gano, su rubuta suna a littafin da ke ciki su mayar. Nasa yana cikin wani rami a katangar dutse, bayan kabarin. Shi da 'yarsa Solvej suka ɓoye shi tana 'yar sakandare.

Shekara shida Solvej ba ta shigo gidan ba. Ranar da aka binne mahaifiyarta ya ce mata, a gaban mutane, kek ta zo ci, da jinya ce ai da an gan ta. Aksel bai iya ba da haƙuri ba, haka ubansa ma. Sai a ranar da ya aike ni ɗauko littafin ya gaya mini cewa a watan Mayu, da likita ya faɗa masa gaskiya cewa ciwon ba na tashi ba ne, ya aika mata kati. Babu gaisuwa, babu suna, lambobin akwatin kawai.

"Za ta gane," ya ce. "In ta sa hannu, ta huce. Me kike kallona? Ko gwiwar taki ce ta tashi?"

Na fita. Ban nufi maƙabarta ba, na zagaya ta shinge na shiga rumfar kayan lambuna.

Ni kwamitin coci ya ɗora wa kula da furannin kabarin Kyaftin. Kowace Asabar sai na tarar masu neman akwatin sun tattake su, idonsu a waya, ƙafarsu a kan shukata. Na yi wa Aksel ƙorafi sau uku, ya yi dariya ya kira ni sarauniyar ciyawa. A watan Afrilu, ana saura kwana biyu bikin tunawa da Kyaftin, na zura hannu na ciro akwatin na jefa a jakata. Niyyata in mayar bayan biki. Furannin suka yi kyau irin wanda ba su taɓa yi ba, sai na bar shi a rumfar nan. Aksel ya riga ya daina fita, ya daina buɗe kwamfuta, babu wanda ya gaya masa.

Na zauna a rumfar minti ashirin, daidai zuwa da dawowa, sannan na kai masa littafin.

Ya sa tabarau, ya buɗe daga baya. Sunan ƙarshe na wasu Jamusawa ne, tara ga Afrilu. Ya juya fararen shafukan ɗaya bayan ɗaya har bango.

"Ba ta zo ba," ya ce.

Maganar tana bakina. Sai na ji ƙarar motar nas a ƙofar gida, na ce a raina gobe. Gobe ta zo yana barci. Jibi bai gane ni ba. Ranar Alhamis da hantsi ya cika.

Solvej ta zo jana'iza. Bayan an watse daga shan kofi a zauren coci, ina wanke kofuna a kicin, ta shigo ta ɗauki tsumma tana gogewa, kamar yadda take yi mini tana ƙarama. Ta tambaye ni ko ya sha wuya, na ce kaɗan. Sai ta ce ai ta zo a watan Yuni. Jirgin ƙasa biyu da bas ta hau. Awa guda ta yi tana lalube a katangar, har dutse ya yanke mata yatsa, ramin wayam.

"Na ɗauka ya sake tunani ya cire. Ko kuma gatse ne, kin san shi. Na zo har bakin shingenku, Gudrun, na ga labulensa. Sai na koma tasha."

Na kashe famfo. Na faɗa mata komai, har zaman minti ashirin ɗin ban ɓoye ba.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta gama goge kofin da ke hannunta, ta kife shi a kan sauran.

"Ya nemi littafin?"

"Ya nema."

"Me ya ce?"

"Ya ce ba ki zo ba."

Ta ninke tsumman gida huɗu ta ajiye. Ta sa rigar sanyinta, ta ɓalla maɓallan tun daga ƙasa har wuya, ta fita ba sallama.

Bas ɗin sai ƙarfe huɗu, yanzu uku da kwata. Ta tagar kicin ina hango ta a tasha ita kaɗai, tana tsaye a gefen benci ba ta zauna ba, yayyafi yana sauka a gashinta.