Ɗan Inno Ne

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don maganar gidan surukaina ce, kuma ni ko a taron biki ba a jin muryata.

Surukina shi ne Sarkin Zangon unguwarmu a Arlit. Mutanen Damagaram da Maraɗi da suka zo aikin uraniyom, a fadarsa suke kai ƙara da baiko. Shi ma ya yi aikin rami da ƙuruciya, ya fito da ciwon ƙirji. Shekarar da mashaƙo ya shigo gari yana shaƙe yara, ya sa aka rufe fada. Ba shiga, ba fita. Abu guda ya bari: in yaro ya kwanta a ciki, uwarsa kaɗai za a buɗe wa, ta goya shi zuwa likita.

Ɗana na fari yana ciki. Tun yaye aka ba uwar mijina, Inno, kamar yadda ake yi a wurinmu. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa gaban mutane. Ubansa kuwa yana haƙar zinariya a Cibarakaten, wayarsa ba ta shiga.

Ran wata Talata da azahar ƙanwar mijina Ni'imatullahi ta kira ni a waya daga cikin fada, tana raɗa.

"Yaya, yaron nan ba ya haɗiyar ko kunu. Wuyansa ya kumbura. Inno ta ce beli ne, gobe da hantsi Sarkin Aska zai yanke."

Ɗiyar maƙwabciyata haka ta fara, aka yanke mata beli, ba ta kwana ba.

Na ja mayafi na tafi. Fadawa suna zaune a rumfa waje, tunda zaure a rufe yake. A bakin ƙofa akwai sabon mai gadi, Illi, dogon Buzu da rawani har hanci. Bai san ni ba.

Na tuɓe takalma, na durƙusa, na gaida kowa. Na tambayi jikin Baba surukina, na tambayi Inno.

"Kowa lafiya," in ji Malam Kalilu, babban bafade. "Yau matarmu ce da magana? Lalle za a yi ruwa a Arlit."

Suka yi dariya. Na ce ƙasa-ƙasa, "An ce yaron gidan ba ya jin daɗi."

Dariyar ta tsaya. Malam Kalilu ya dubi hanya, ya dube ni.

"Beli ne. Ciwon gari bai shiga fada ba, kada ki ja mana bakin mutane."

Illi ya matso, ya yi tambaya da Hausarsa ta Buzaye. "Kai ne uwar yaro? In kai ne, ina buɗe."

Ido ya yi mini yawa. Duk abokan surukina ne, wasu sun sa albarka ran ɗaurin aurena. Bakina ya faɗi abin da ya saba faɗa.

"A'a. Ɗan Inno ne."

"To uwa tana ciki," in ji Illi. Ya koma ya jingina da ƙofa.

Na jira wani ya gyara zancen. Duk sun sani. Malam Kalilu ya ci gaba da jan carbi. Na ɗauki takalmana na juya, ina jin wani yana cewa, "Yarinya mai kunya, Allah ya yi mata albarka."

Kafin magariba na sake kiran Ni'imatullahi. Ta kara wayar a bakin yaron. Numfashin yana fita da ƙara kamar ana jan zarto a itace.

Washegari, ana fitowa sallar asuba, na tsayar da ɗan kabu-kabu a bakin fada, na ce kada ya kashe babur. Fadawa suna shimfiɗa tabarmi. Ban gaida kowa ba, takalmana a ƙafa.

"Illi, jiya ƙarya na yi. Ni na haifi Muktari. Buɗe."

Malam Kalilu ya miƙe. "Ke! Sunansa a bakinki, a ƙofar kakansa?"

"Ni na haife shi," na sake cewa.

Illi ya dubi tsohon. "Sarki ya ce uwa." Ya zare sakata.

Na tarar da Inno a tsakar gida da shi a cinya, Sarkin Aska, wanda rufewar ta rutsa da shi a ciki, har ya fara kwance zabirarsa. Inno ta kira ni marar kunya, ta ce ba a taɓa yi ba a zuriyarsu. Na durƙusa, na miƙa hannu, ban janye ba. Yaron ya ja numfashi, ya maƙale, duk muka ji. Ta sake shi.

Ban taɓa goya shi ba tun yaye. Ya yi nauyi, jikinsa kamar garwashi. Na ɗaure zane, na ratsa ta gaban fadawa, na hau babur, na ce wa mai tuƙi, "Kai mu likita, kada ka tsaya."