Alhamis Ƙasa Take Hutawa

Damata 'yar Zangon Kumasi ce. Shekararta goma sha ɗaya a Bronx, cikin birnin New York, tana aikin kula da tsofaffi, kuma a mako kaf Alhamis kaɗai take samun hutu. Da aka ba ta ɗan fili a lambun unguwa da ke bayan titin Grand Concourse, sai ta shuka wake wata Asabar da yamma. Ranar Alhamis ta dawo da 'yar fartanya don ta kafce sauran wurin.

Ta ɗaga fartanyar ke nan aka riƙe mata hannu. Maame Adjoa ce, wata tsohuwa Ba'ashantiya mai filin kusa da nata, wadda ta iya Hausa tun tana sayar da doya a kasuwar Zango.

"'Yata, ajiye. Yau ba a sara ta."

"Wa ke nan, Maame?"

"Ƙasa mana. A wurinmu mace ce, Asaase Yaa, haihuwar Alhamis. Kwana shida muna yanka ta, tana ciyar da mu. Yau nata ne."

Damata ta yi murmushi don kada ta ɓata wa babba rai. "Maame, ni Musulma ce. Ga shi yau kaɗai nake off."

"Na ce ki yi mata sujada? Cire takalminki kawai ki zauna."

Kunya ce ta zaunar da ita. Ta tuɓe takalmi, ta dafa ƙasa da tafin hannu kamar yadda tsohuwar ta yi, a ranta tana cewa minti biyar sun isa.

Abin da ya fara ba ta mamaki ɗumi ne. Iska da sanyi, amma ƙasar ɗumi gare ta kamar bayan mai goyo. Sai ta tuna mahaifiyarta, wadda aka binne a Kumasi bara, ita Damata tana kallo ta waya. Tun daga ranar, in an ce ƙasa, kabari kawai take gani.

"Dubi nan," in ji Maame Adjoa da raɗa.

A layin wakenta wani ɗan dunƙulen ƙasa ya tsage. Damata ta sunkuya. Ƙarƙashinsa ga wani abu fari-fari, a lanƙwashe, bai kai kaurin zare biyu ba, yana ture abin da ya fi shi nauyi sau nawa. Inuwar ginin da ke gefe ta janye daga kansu, rana ta taso, su dai suna nan. Can sai dunƙulen ya gangara gefe, tsiron ya fito da kansa sanye da ɓawon iri kamar hula.

Tsigar jikin Damata ta tashi. "Subhanallah," ta ce, hawaye na zuba mata. "Ya Rahimu." Sunan Allah ne da take ja a carbi kullum, amma yau ne ta ji shi har cikin mararta.

Tsohuwar ta tsiyaya ruwa kaɗan a ƙasa, ta yi magana da yarensu na Twi, sannan ta miƙa mata gorar. Damata ta sha, ta shayar da tsiron sauran.

Tun daga nan duk Alhamis takan zo hannu rabbana, ta zauna ba takalmi, ta yi wa mahaifiyarta addu'a, ta kira sunayen kakanninta mata ɗaya bayan ɗaya. Kafin waken ya yi fure, matan da ke zama tare da su sun zama shida, har da wata 'yar Nijar da ke zuwa da jaririyarta.