A Cikin Fayil Ɗin Yayanta

Inna ta buga tafin hannu a katakon tagar masu kati har biron ma'aikacin ya gangara ƙasa.

"Sake dubawa, ɗan nan. A asibitin nan aka yanka ta, ba a mahauta ba."

"Mama, sau uku na duba. Babu kati da sunanta."

'Yarta Auta na kan benci a bayanta, hannu dafe da kwiɓi, ido a ƙasa. Wata bakwai ke nan da aka cire mata ƙoda aka dasa wa yayanta. Shi ya miƙe, ya yi kumatu, ya koma ofis. Ita kuwa, telar da ake jin dariyarta kafin a ji ƙarar kekenta, ta rufe shago. Ba ta ci sai an tsaya a kanta. Fitsari ma sai ta tara a kwalba ta ɗaga wa rana tana dubawa. Shekaranjiya Inna ta tarar da ita tana raba wa maƙwabta almakashi da zare, kamar mai tafiyar da ba dawowa. Abin da ya fito da tsohuwa ke nan: yau sai likita ya duba mata 'ya.

"Takardun mai bayarwa a fayil ɗin mai karɓa ake sa su," in ji ma'aikacin. "Sai da izinin mai fayil."

"Au, kayan gyara ce ita? An kwance an ɗaura wa wata mota?"

Ta miƙa masa waya ya nemo mata lambar ɗan nata, ya buɗe murya don shi ma ya ji.

"Inna, ina taro. Ku buɗe mana! Wai me take so ne? Na gode, na gode, sau nawa zan faɗa? In gori ne, ta zo ta cire abarta."

Duk bencin ya ji. Wata mata ta ja tsaki. Auta ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Sai bayan azahar suka ga likita. Ya karɓe su baki har kunne.

"Ga jarumarmu! Jini lafiya, fitsari lafiya, ɗinki ya warke. Ta riƙa shan ruwa sosai."

"Ruwa? Yarinya na mutuwa a tsaye kana ce mini ruwa? Kun cinye abinci kun shure kwano! Shi duk wata kuna kiransa, ita ko kare bai leƙo ta ba. Wallahi sai na ga babbanku. Ban yi boko ba, amma na san zalunci in na gan shi. Wa ma ya ce muku ta yarda? Wa ya tambaye ta?"

Likitan bai ɗaga murya ba. Ya lashi yatsa, ya buɗa shafi, ya juyo mata da takarda.

"An tambaye ta, Mama. Ƙa'idarmu a tambayi mai bayarwa ita kaɗai. Amma an rubuta a nan: uwa ta ƙi fita. Ga shaidar."

Inna ba ta san ko harafi ɗaya ba. Amma ta san wannan dangwalen shuɗin tawada, da layin tsohon yankan wuƙa da ya ratsa tsakiyarsa. Ɗakin da aka yi tambayar a ranar ya dawo mata a rai. An ce ta jira a waje, ta ce ba wanda ya isa ya raba ta da 'yarta. An tambayi Auta ko tana da shakka, Auta ta buɗe baki, ita kuma ta mintsine mata cinya ta ƙarƙashin tebur, ta amsa a madadinta: "Wace irin shakka? Ciki ɗaya suka fito."

Ta dunƙule babban yatsanta cikin tafi.

"Sai me kuma?" in ji likitan, ya riga ya rufe fayil.

Auta ta miƙe a hankali, ta ɗauko wa uwar takalminta ɗaya da ya zame.

"Tashi mu tafi, Inna. Akwai masu ciwon gaske a layi."